Jikinka na Legas, kunnenka na gida

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka sauka Legas bana ko bara, kuna Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Alaba Rago.

Baƙunta akwai ɗaci, ni ma na ɗanɗana. Ranar da mota ta ajiye ka, ba ka jin Yarbanci, ba ka san hanya ba, sai waya ta zame maka gari: guruf ɗin dangi, na 'yan unguwa, na 'yan ajinku. Wannan zumunci ne, ban hana ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yaro ya shekara a nan, ya san wanda aka ɗaura wa aure a Funtuwa, ya haddace rigimar 'yan TikTok, amma ka tambaye shi sunan ƙaramar hukumar da yake kwana a ciki, sai ya yi shiru.

Ku tuna 2022. A watan Mayu Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar da hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, daga 1 ga Yuni. Kusan mako biyu ana ta faɗa. Duk da haka na ga samarin da suka fito da mashin ɗin da ba su gama biyan kuɗinsa ba, aka kwashe, suna rantsuwa ba su ji ba. Kuma na yarda da su. Facebook da TikTok abin da ka saba dannawa suke ƙara turo maka. In kullum labarin gida kake buɗewa, na titin da kake neman abinci ba zai iso ka ba.

Dattawanmu 'yan goro da rediyo suka rayu a nan. BBC Hausa tun 1957 take magana. Su saurara da safe, su zauna a majalisa, wanda ya fi sani ya gyara wa wanda ya ji a karkace. Kai kuwa kai kaɗai ne da wayarka da tsakar dare.

Sai batun da ya fi tsorata ni: saƙon murya. Wani da ba ka san fuskarsa ba ya ce ana kashe Hausawa a Legas, ya haɗa da tsohon bidiyo, kai kuma ka tura guruf ɗin dangi. Rikici yana faruwa, wanda ya ga Mile 12 a watan Maris na 2016 ba zai musa ba. Shi ya sa ƙarya a kansa take da haɗari, don a Arewa ma akwai baƙi da ke kwana cikin amanarmu. Allah Ya umarce mu da bin diddigin labari a Suratul Hujurat, aya ta 6. Kira wanda ke wurin da aka ce abin ya faru. Tambayi shugaban layinku ko fadar Sarkin Hausawa. In ka tabbatar lafiya lau ake, buga wa Inna da kanka, don tun jiya da saƙon ya isa ƙauye ba ta runtsa ba.