Ranar da ɗan sama jannati ya hango ƙurar Kano

Shekaranjiya da daddare gardama ta kaure a teburin mai shayin unguwarmu. Wani matashi, ɗalibin jami'a ne ma, ya dage cewa duk zancen zuwa sararin samaniya tatsuniya ce, Turawa ne suka kulle kansu a ɗaki suka haɗa hotuna. Na ajiye kofina na ce masa, "Ƙanena, ka san a 1962 wani mutum yana cikin kumbo can sama ya yi magana da Kano, har ya ce yana hango ƙurarmu?" Ya dube ni ya ce, "Haba Malam, wace Kanon?" Mu takwas ne a kan bencin nan, babu wanda ya taɓa jin labarin. Na dawo gida abin yana cina a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Yana da tsawo, ku yi haƙuri ku karanta.

Shakkar yaron ba ta ɓata min rai ba. Mai tambaya ba ya ɓata. Yadda labarin ya iso gare shi ne ya dame ni: an wanke shi fes, jarumi ya hau roka yana murmushi, ya sauko ana tafi, kuma duk a wata duniya da ba ruwanmu da ita. Labarin da aka goge masa gumi da tsoro dole ya yi kama da shiri. Ni kuwa abin da ya sa na gaskata shi, kura-kuran da ke cikinsa ne, da mutanen da suka mutu, da waɗanda suka sha da ƙyar.

Mu fara da Yuri Gagarin, mutumin farko da ya je sararin samaniya. An haife shi a 1934 a ƙauyen Klushino da ke yammacin Rasha, mahaifinsa kafinta, mahaifiyarsa mai tatsar madara a gonar gwamnati. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Jamus suka ƙwace gidansu, iyalin suka koma zama a wata 'yar bukkar laka a bayan gidan. Gajere ne, santimita 157, kuma gajartar ta yi masa rana, domin kumbon Vostok wani dunƙulallen ƙarfe ne kamar tulu, faɗinsa bai wuce mita biyu da 'yan kai ba. Ranar Laraba 12 ga Afrilu 1961 aka harba shi daga Baikonur a Kazakistan, yana da shekara 27. Da rokar ta ɗaga sai ya ce da Rashanci, "Poyekhali", wato "Mu tafi!" Ya kewaya duniya sau ɗaya, tafiyar duka minti 108.

Wannan shi ne abin da ake faɗa. Ga wanda ba a cika faɗa ba. Kwana biyu kafin tafiyar ya rubuta wa matarsa Valentina wasiƙar ban-kwana, a ba ta idan bai dawo ba. Ƙaramar 'yarsu wata ɗaya ke nan da haihuwa. Injin da zai rage wa kumbon gudu don ya sauko guda ɗaya ne tak, babu na ko-ta-kwana. Shirin injiniyoyi shi ne idan injin ya ƙi, iskar sama za ta riƙa ja wa kumbon birki har ya faɗo da kansa cikin kwana goma, don haka aka yi masa guzurin kwana goma. Sai rokar ta kai shi sama fiye da yadda aka tsara, har kilomita 327, inda guzurin zai ƙare tun kafin kumbon ya sauko. Allah ya sa injin ya tashi, a daidai gaɓar yammacin Afirka. Amma ɓangaren na'urori da ya kamata ya rabu da shi ya maƙale da wasu wayoyi, kumbon ya yi ta juyi da shi kamar an murza katantanwa, har sai da zafi ya cinye wayoyin. Likitoci ma ba su da tabbacin mutum zai riƙe hankalinsa a can, shi ya sa aka kulle na'urar tuƙi da lambobin sirri aka sa a ambulan.

Saura kilomita bakwai ya taɓa ƙasa kujerarsa ta cilla shi waje, ya sauko da lema a wata gona kusa da garin Engels, a gefen kogin Volga. Wata mata da jikarta suna aikin dankali suka ga mutum cikin tufa ruwan lemo da farar hular kwano yana nufo su, suka fara ja da baya. Ya ce musu kada su ji tsoro, shi ma ɗan ƙasa ne kamarsu, wayar tarho yake nema ya kira Mosko. Duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi. Mutumin da ya fara ganin duniya dunƙule da idonsa, masu tarbarsa na farko tsohuwa ce da yarinya a bakin kunya.

Gwamnatin Sobiyet ta ɓoye cewa da lema ya sauko, sai bayan shekara goma ta amsa. Rufa-rufar ba ta tsaya nan ba. Mutumin da ya ƙera rokar, Sergei Korolev, ba a taɓa bari a ambaci sunansa a jarida ba sai da ya mutu a Janairun 1966. Shi ne kuma wanda gwamnatin Stalin ta kama a 1938 ta tura sansanin gwale-gwale na Kolyma, inda haƙoransa suka zube. Kwana ashirin kafin tafiyar Gagarin, abokin horonsa Valentin Bondarenko, ɗan shekara 24, ya ƙone a ɗakin gwaji da aka cika da iskar oksijin, saboda wata 'yar auduga mai jiƙe da sinadari da ta faɗa kan rishon lantarki. Sai a 1986 duniya ta ji sunansa. Wannan ɓoye-ɓoyen ban yafe wa masu mulkin wancan lokaci ba. Yaƙin Cacar Baka ne ya tura yaran nan sama cikin gaggawa, kowane ɓangare yana son ya riga, kuma masu ba da umarnin ba su ne za su ƙone ba.

Yanzu ga inda muka shigo.

Amurka tana baya. Alan Shepard da Gus Grissom sun tafi a 1961, amma tsalle ne na minti 15, sama su dawo, ba kewaya duniya ba. Kafin shekarar ta ƙare Gherman Titov na Sobiyet ya riga ya kewaya sau 17, ya kwana a can. Bambancin tsalle da kewayawa gudu ne. Idan ka yi jifa, dutsen zai yi baka ya faɗo. Ƙara ƙarfi, ya faɗi can gaba. Idan ya kai gudun kusan kilomita takwas a sakan ɗaya, zai yi ta faɗowa amma ƙasa tana lanƙwashewa tana kauce masa, don haka ba zai taɓa ta ba. Da irin wannan gudu, Kano zuwa Zariya sakan ashirin ne. Tsayin kuwa bai kai yadda mutane ke zato ba: kumbon John Glenn, ɗan sama jannatin Amurkan da ya yi magana da Kano, yana tsakanin kilomita 160 da 260 ne daga ƙasa, wato kamar ka miƙar da hanyar Kano zuwa Kaduna tsaye.

Matsalar ita ce irin rediyon da suke amfani da shi sai yana ganin kumbon yake ji. Da ya ɓace a bayan lanƙwasar duniya, shi ke nan. Kowace tasha 'yan mintoci take samu. Don haka NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta jera tashoshi 18 a kewayen duniya, wasu a tudu, wasu a kan jiragen ruwa, wannan ta miƙa wa waccan kamar masu miƙon bulo a wajen gini. Kumbon da ya tashi daga Florida zai bi ta Bermuda, ya tsallake Tekun Atlantika, tsibiran Canary su karɓe shi, sannan ya shigo Afirka. A babban yankin Afirka Kano ce tashar, daga ita sai tsibirin Zanzibar, sai Ostareliya. An sa hannu a yarjejeniyar da Najeriya a watan Oktoban 1960, watan da muka samu 'yancin kai.

Ranar Talata 20 ga Fabrairu 1962 aka harba Glenn cikin kumbon Friendship 7. Kamar minti ashirin da tashinsa ya iso samanmu. Ku lissafa da agogonmu: ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma, bayan la'asar. Kuma tsakiyar watan azumi ne na 1381. Sarki Muhammadu Sanusi yana kan karaga, Sardauna yana Kaduna. Ina iya ganin garin a raina: hazo ya rufe Dala, leɓɓa sun bushe, mata sun fara dakan kunu, 'yan kasuwar Kurmi suna duban rana. A daidai wannan lokaci wani mutum ya leƙo ta 'yar tagar kumbo ya gaya wa tashar Kano cewa yana ganin guguwar ƙura a ƙasa. Masu tashar suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Maganar tana nan a rubuce cikin kundin tafiyar. Hunturun nan da ke fasa mana ƙafa, yana cikin abubuwan farko da Ba'amurken farko da ya kewaya duniya ya ba da labari daga sama.

Ba zan ƙara gishiri ba. Tashar ta Amurkawa ce, na'urorin nasu ne, mu fili muka bayar da izini. Amma aikin da ake yi a wurin ba na ado ba ne. Tashar tana karɓar bugun zuciyar mutumin da numfashinsa da lafiyar na'urorin kumbon, ta aika Amurka nan take. Kuma a ranar an buƙaci kowane kunne. Tun ƙarshen kewayen farko na'urar da ke daidaita kumbon ta fara gardama, Glenn ya koma tuƙi da hannu. Daga nan wata alama ta nuna a ƙasa cewa garkuwar da za ta kare shi daga wuta lokacin saukowa ta kwance. In haka ne, toka zai zama. Aka yi ta yi masa tambayoyi ba a fito an gaya masa dalili ba. A ƙarshe aka ce kada ya yar da ƙunshin rokokin birki da ke ɗaure a kan garkuwar, ko ɗaurin zai riƙe ta. Ya sauko yana kallon gutsattsarin ƙarfe suna ci da wuta suna wucewa ta taga, bai sani ba ko garkuwar ce ke wargajewa, rediyo kuma ya ɗauke na wasu mintoci. Ashe wani ɗan makunni ne ya ba da alamar ƙarya. Ya faɗa teku lafiya bayan kewaye uku, awa 4 da minti 55.

Akwai wata mata da nake so 'yan matanmu su san sunanta, Katherine Johnson. Baƙar fata ce, gwanar lissafi, tana aiki a jihar da a lokacin ake raba makarantu da ban-ɗaki saboda launin fata. Glenn bai natsu da lissafin kwamfuta ba, ya ce a ba ta ta bi da hannu, in ta ce daidai ne zai tafi. Ta zauna ta bi shi lamba bayan lamba.

Sauran ya zo da sauri. Valentina Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa, ta kewaya sau 48 a Yunin 1963, sannan aka yi shekara 19 ba a sake tura mace ba, abin da ke nuna min cewa riga-riga ce ta kai ta, ba adalci ba. Alexei Leonov ya fita wajen kumbo na minti 12 a Maris 1965, rigarsa ta kumbura har sai da ya rage mata iska kafin ya iya komawa, shi da abokin tafiyarsa kuma suka sauka a dajin ƙanƙara suka kwana biyu a can. A 1967 kasadar ta karɓi kuɗinta: Grissom da abokansa biyu suka ƙone a gwajin Apollo 1 a watan Janairu, Vladimir Komarov ya mutu a Afrilu da lemar Soyuz 1 ta ƙi buɗewa. Gagarin kansa hatsarin jirgin yaƙi ne ya kashe shi a Maris 1968. A lokacin ne aka miƙa wa matarsa Valentina wasiƙar ban-kwanan nan.

Shugabanninmu na farko ba su ɗauki lamarin a matsayin na wasu ba. A 1963 Najeriya ta buga kan sarki mai hoton kumbon Mercury, irin wanda Glenn ya hau, da tashar Kano. A ranar 23 ga Agusta na shekarar, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa da ke tsaye a Legas, karon farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi waya ta tauraro. Mutumin Bauchi ne a ɗaya bakin wayar. Ni na yi firamare da sakandare a Kano, na haddace sunan Gagarin don jarrabawa, amma babu malamin da ya taɓa ce min garinmu yana cikin labarin. Sai da na girma na tsinto shi da kaina, kuma har yau ina jin zafin wannan. Yaron da aka gaya wa cewa an yi magana da sama daga garinsu, dabam zai riƙa kallon darasin lissafi.

Roƙona ga malaman makaranta, idan kun zo kan wannan babi, ku fara da ƙurar Kano kafin ku kai Mosko. Ga sauran jama'a kuma, wanda yake ɗan shekara ashirin a 1962 yau ya haura tamanin. Idan a gidanku akwai dattijon da ya yi aiki a tashar nan, ko ya zauna kusa da ita, ko ya ga eriyoyinta, don Allah ku je ku gaishe shi, ku kunna wayarku ku naɗi abin da zai faɗa. Ku turo min, zan tattara. Shi kuma ƙanen nawa na teburin shayi, na yi masa alkawarin gobe zan kai masa hoton kan sarkin nan ya gani da idonsa.