Gwajin akori-kura da Kawu a baya

Wani mutum da na daɗe ina bi bashin kuɗin taki ya rasa abin biya, sai ya turo mini 'yar tirela mai taya biyu, irin wadda ake maƙala wa tarakta, ya ce mu yafi juna. Haka na wayi gari da tirela a ƙofar gida a Tudun Wadar Zariya, ba ni da ko keken da zai ja ta. Gonata tana kan hanyar Soba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direbobi idan za su faɗi kuɗin ɗauko masara sai sun kau da kai, don su ma kunyar adadin suke ji. Na ce to, Allah ne ya kawo rabi, bari in nemo rabin: akori-kura ta hannu.

A majalisarmu kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce Hilux kawai, tun 1968 Toyota ke ƙera ta kuma har yau ba ta ba da kunya ba. Da na ji kuɗin tsohuwarta ma, sai na nemi ruwa na sha. Wancan ya ce in nemi Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, don babu bakaniken Sabon Gari da ba zai kwance ta ya ɗaura ido rufe ba. Wani da ko babur bai taɓa mallaka ba ya rantse da Mitsubishi L200.

Kawuna ne ya yi maganar da ta shige ni. Tsohon direban babbar mota ne, ya ci ƙuruciyarsa tsakanin Zariya da Funtuwa da Gusau.

"Buhu nawa kake son ɗora mata?"

Na ce ashirin, Kawu.

"Buhun masara kilo 100 ne. Tan 2 ke nan, ban da nauyin ƙarfen tirelar. Tana da birkinta?"

Na ce ban ga alama ba.

"To, ɗan nan, masu ƙera motocin nan ba sa yarda a wuce kilo 750 idan tirela ba ta da birki, kuma da nauyin ita kanta a ciki. Kilo 3,500 ɗin da kake ji ana yi wa sabuwar Hilux kirari da shi, na tirela mai birki ne. Ja kowa ya iya. Ranar da ka taka birki a gangara, tan 2 ya turo ka ta baya, ranar za ka san wanda ke tuƙa wani."

Ya ƙara da cewa a nemi mai shan gas, don ƙarfinta yana fitowa tun injin bai yi ihu ba, kuma mai giyar hannu. A je da sassafe a tayar da ita da sanyinta a dubi hayaƙi: shuɗi, tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga inda bai kamata ba, baƙi ƙirin, man ba ya ƙonewa daidai. Sannan a kwanta a ƙasa a dubi shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, don fenti ba ya jan kaya.

Dillalin da aka haɗa ni da shi a wajen Kwangila yake zama. Tun a waya na faɗa masa tirela zan ja, ya ce, "Alhaji, kamar don kai aka ajiye ta." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Ranar Asabar muka je da Kawu da sanyin safiya, hazo ya rufe gari. Kawu ya sha farar babbar riga don daga nan ɗaurin aure zai wuce. Motar fara ce, tana ƙyalli. Dillali ya ce wani likita ne ke hawanta, daga gida sai asibiti, ba ta san daji ba. Na leƙa bodin, sai ga dawa ta tsiro a kusurwa, kore shar, har ganye uku. Na nuna masa. Ya ce likitan mutum ne mai son shuke-shuke.

Kawu ya ɗora tafin hannu a kan bonet. Da ɗumi.

"Wa ya tayar da ita kafin mu zo?"

"Rana ce, Baba."

Mu duka muka ɗaga kai muna neman ranar.

Ko wace iri ce motar, wannan sai Allah. Sunan da ke goshinta daban, wanda ke kan injin daban, giyar kuma Kawu ya ce daga wata ƙasar ta yi hijira. Dillali ya ce ai haɗin kai ne, kowane kamfani ya ba da abin da ya fi iyawa. Amma kuɗinta ya yi mini daidai aljihu, ga kuma ƙugiyar jan tirela sabuwa fil a bayanta, waldarta ko ƙura ba ta hau ba. Kawu ya dubi ƙasa, ya dubi rigarsa, ya ce in shiga ƙarƙashi in duba masa shasi. Na durƙusa na leƙa, na ga duhu da wani ƙadangare, na miƙe na ce lafiya lau. Kafin Kawu ya dawo daga kama ruwa na miƙa kafin alƙalami, don dillali ya raɗa mini cewa wani daga Kano yana hanya da kuɗi a buhu.

Aka janyo tirelar, aka ɗora buhu 5 na yashi, Kawu ya sa aka matso da mafi yawansu gaban tayoyi don kada ta riƙa wutsiya. Ya shimfiɗa darduma a kai ya hau, wai daga can zai fi jin kukan ƙugiya. Muka bi wata hanyar ƙasa ta bayan Dogarawa, ni a sitiyari, dillali a gefe yana ta zuba.

Da farko tafiya ta yi tafiya. Da muka faɗa wani ɗan kwari za mu haura, sai kuloci ya fara wari kamar an manta tuwo a kan wuta. Motar ta yi nishi, na ƙara mata wuta, na ji wani ƙwas, sai kawai ta zabura.

"Ka ji ta buɗe!" in ji dillali. "Dama sai ta yi zafi take nuna halinta."

Wallahi na ji daɗi. Na sa giya ta uku, na sa ta huɗu, na ce masa kai, kamar ba ta jan komai. Madubin tsakiya babu shi, na gefe kuma sama yake kallo. Muna cikin lissafin yadda zan cika sauran kuɗin, wani yaro a kan babur ya kamo mu yana ta hon, ya leƙo ta taga.

"Baba, kun yar da tsohonku!"

Mun same shi a cikin kwarin, zaune a kan yashi, hularsa a gwiwa. Hancin tirela ya soki ƙasa, ƙugiya na nan daram a maƙale, haka ma bamba gaba ɗayanta da lambar mota a jiki. Yara sun yi da'ira suna kallo, wata mai tallan ƙosai har ta sauke faranti. Kawu bai ce uffan ba sai da ya sauko, ya kaɗe rigar da ta koma ruwan ƙasa.

"Ɗan nan, zo ka ga lafiya lau ɗinka."

A jikin bamba aka yi waldar ƙugiyar, bambar kuma noti biyu da waya ke riƙe da ita. Ya ce ƙugiyar kirki a shasi ake ɗaure ta da manyan notuna, a ƙara da sarƙa biyu don irin wannan rana. Da yake bambar ta tafi, shasin ya fito fili. Kawu ya soka masa makullin gida, makulli ya shige, tsatsa ta zubo. An cike wurin ne aka shafe da baƙin fenti.

Dillali ya gyara tsayuwa. "Alhaji, tsakani da Allah, injin da ya tsinka ƙarfe ai ba a raina shi."

Na ce a ba ni kuɗina. Ya fito da biro ya yi lissafi a tafin hannu: gyaran bamba, kuɗin mai walda, gas ɗin da muka ƙona, da wahalarsa. Ya ce saura kaɗan ni zan cika, amma ya yafe albarkacin Baba.

Wata tsohuwar Fijo mai ɗaukar kayan gwari ce ta jawo mana tirelar gida da igiya, a hankali, ta unguwar PZ, duk wanda ya san ni sai da ya ɗaga mini hannu. Uwargida ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, ina motar?" Na ce ana cikin magana. Ta dubi rigar Kawu, ta ce, "Sannu Kawu, bari in kawo ruwa," ta shige ciki, ina jin dariyarta har daga madafi. Kafin la'asar labari ya zaga wurin ɗaurin aure, buhu 5 ya zama 30, kwarin ya zama gadar Kwangila.

Da daddare dillali ya kira ni.

"Alhaji, ina da wani mutum, ya sayi akori-kura fara, yanzu tirela yake nema. Nawa za ka bar taka?"