Bargon Hajiya da Senti Biyu

Ni ba tela ba ce, amma a gidanmu keken Butterfly ba ya hutawa tun daga Sha'aban har daren sallah, don haka na tashi ina ganin ɗinki gadona ne ko ban koya ba. Wannan taƙamar ce ta biyo ni har Lexington ta jihar Kentucky, inda maigidan yake karatu, ni kuma nake gadin yara biyu da wata ƙatuwar jaka cike da ragowar atamfofin anko. Duk bikin da aka yi a danginmu cikin shekara goma, ina da shaidarsa a jakar nan, har da auren da bai kai shekara ba.

Maƙwabciyata wata tsohuwar Ba'amurkiya ce, takaba ta gama tun kafin a haife ni, kuma ba ta da aiki sai yanka yadi ƙanana ƙanana tana sake haɗa shi. Ranar da ta ga jakata sai da ta dafe ƙirji. Ita ce ta kwashe ni a mota, tafiyar kusan awa huɗu, zuwa Paducah, garin da ke da gidan tarihi sukutum na barguna kawai, wanda aka buɗe a 1991. Kwilt suke kiran irin wannan bargo. Na shiga na tarar an rataye su a bango, an haska musu fitilu, mutane na tafiya saɗaf saɗaf kamar masu dubiya a asibiti. Na ce a raina, yanzu abin da tela yake sharewa ya zuba a bola shi ne ake biyan kuɗin ƙofa a kalla? A hanyar dawowa na yanke shawara: zan yi wa surukata Hajiya nata, na atamfa zalla, yadda ko facalolina sai sun zo kallo.

Wata huɗu ina yanka ina haɗawa. Tsohuwa ta yi ta nanata mini cewa kowane ɗinki a bar masa kwatan inci daidai, ba daɗi ba ragi, har da wata 'yar rula ta ba ni. Na karɓa na yi godiya, na ajiye ta a dirowa tare da cokula. Wadda ta ga uwarta na auna yadi da kamu da taƙi tun tana goye, rula ce za ta koya mata?

Da na gama fuskar bargon na shimfiɗa ta a falo, na ɗauka aiki ya ƙare. Sai tsohuwa ta ce ai yanzu aka fara. Bargon hawa uku ne: fuska a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, kuma sai an bi duk faɗinsa da ɗinki an kama ukun nan wuri ɗaya, in ba haka ba wanki ɗaya audugar za ta dunƙule a kusurwa kamar tuwon jiya. Na ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Na naɗe shi na fara tura shi ta wuyan ɗan kekena na gida. Wanda ya taɓa ƙoƙarin shigar da katifa cikin a-daidaita-sahu shi kaɗai zai gane abin da na gani a daren nan. Allura uku na karya, na ɗinke gefen mayafina da bargon, ƙaramin yarona kuma ya shige cikin naɗin ya yi barci, sai da muka neme shi.

Washegari tsohuwa ta ce in daina wahalar da kaina, akwai masu keke mai dogon hannu, sana'arsu ke nan: ka kai musu fuska da shafi, su kama maka. Ta kira wata da ta sani a bayan gari ta sa ta a amsa-kuwwa. Na tambayi kuɗin aiki. Matar ta ce senti biyu kowane inci. Na yi lissafi da ka nan take: tsawon bargona inci 104, sau biyu, dala biyu da senti takwas. Na dubi tsohuwa, na dubi waya, tausayin matar ya kama ni. Da dare na ce wa maigidan, "Abban yara, mutanen nan ba su san darajar guminsu ba. Dala ashirin zan ba ta, ta riƙe canjin." Ya ce Allah ya ba da lada, ko kai bai ɗago daga kwamfuta ba.

Gidan matar yana cikin gonaki, ana wuce dawakai kafin a kai. Ta sauka da mu ɗakin ƙasa, sai ga keken. Ni dai da na ji an ce keke, na zaci babban yayan Butterfly zan gani. Abin da na tarar wani teburin ƙarfe ne mai tsawon ƙafa goma sha biyu, da dogayen sanduna kwance da ake naɗe yadi a jikinsu, kan keken kuma yana bisa tayoyi a kan layi kamar jirgin ƙasa. A kekenmu na gida, keke na zaune, yadi ke tafiya. A nan yadi ne ke miƙe ɗam kamar fatar ganga, keken ke yawo a kansa gaba da baya, hagu da dama. Gammill aka rubuta a jikinsa, ta ce a Missouri kamfanin yake. Akwai wani bargo a kai lokacin, kwamfuta na jan keken yana zana ganye shi kaɗai, ba hannun kowa. Na ja da baya kaɗan na yi addu'a a ɓoye. Tsohuwa ta raɗa mini cewa kuɗin keken ya fi na motar da ta kawo mu.

Matar ta shimfiɗa aikina a teburi, ta yaba launuka har na fara hura hanci, sannan ta zaro tef ɗin awo. Ta auna faɗin sama: inci 96. Ta auna na ƙasa: inci 101. Ta sake aunawa, ta cire tabarau ta goge, ta kuma aunawa. Ta tambaye ni cikin ladabi ko da gangan na yi shi kamar siket. Tsohuwa ta kalli silin, ba ta ce komai game da rula ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

Sai lissafi. Ta danna 101 sau 104, ya ba da 10,504, ta ninka da senti biyu, ta juyo mini da fuskar na'urar: dala 210 da senti takwas. Senti takwas ɗin dai na cinka daidai. Ashe incin da take nufi na murabba'i ne, tsawo sau faɗi, kamar mai sayar da fili. Audugar tsakiya kuɗinta daban, zare daban, naɗin baki daban. Dala ashirin ɗina tana cikin jaka a ninke huɗu, na ji kamar tana yi mini dariya.

Jinin Kantin Kwari ya motsa. Na gyara tsayuwa na ce dala tamanin, tunda tsohuwa ce ta kawo ni. Na jira ta ce albarka in ƙara biyar. Ta yi murmushi ta miƙo mini takardar farashi bugaggiya. Na ɗauki jaka na nufi matakala a hankali, yadda ake yi don a kira mutum ya dawo. Na taka ɗaya, na taka biyu, na kai har sama. Ba wanda ya kira ni. Sai da na yi kamar takalmi na je dubawa, na sauko da ƙafata.

Shafin ma bai tsira ba. Daidai girman fuskar na yanko shi, don ban ga dalilin almubazzaranci ba. Ta ce dole ya fi fuska da inci huɗu ta kowane gefe. Ba ni da sauran yadi, aljihu kuma ya riga ya ji jiki. A daren na buɗe akwatin maigidan, inda shaddarsa yadi goma ta babbar rigar sallah ke kwance cikin leda. Na ce yadi biyu a cikin goma, wa zai lura? Na yanka na zagaye shafin da ita, har na ji daɗi cewa bargon uwa zai ɗauki ƙamshin ɗanta.

Da na koma, ta buɗe mini hotunan zane a kwamfutar hannu, ɗaruruwa, kowanne bai fi tambarin wasiƙa ba. Na manta tabarauna a gida, kuma ban so ta gane. Na nuna wani mai kama da fure, ƙananan ganye huɗu a kan babba ɗaya, na ce wannan na surukata ne. Fuskarta ta washe. Ta ce ashe surukar tawa masoyiyarsu ce? Na ce sosai ma. Ta ce guda nawa gare ta? Na ɗauka 'ya'ya take tambaya, na ce tara, duk a gida ɗaya, kuma da hannunta take ba su abinci. Ta dafe ƙirji ta ce lallai wannan mata ce mai zuciya. Na ce wallahi kuwa.

Lokacin Oktoba ne, masu kyautar Kirsimeti sun cika layi, sai bayan mako shida ta kira. Gaskiya aikin ya yi kyau. Siket ɗin nan ta lallaɓa shi ta shanye rarar cikin ɗinki har ba a ganewa sai an ƙura ido. Ta haɗa mini da wata leda, ta ce ragowata ce. Na leƙa: shaddar maigidan, sirara sirara kamar taliya. Ashe incin huɗun nan na riƙewa ne kawai, a maƙale a sanduna da matsai, in an gama a datse. Ko zare ɗaya na shaddar bai shiga bargon ba.

A gida na sa tabarau na shimfiɗa shi. Babbar 'yata, mai shekara shida, ta durƙusa ta bi zanen da yatsa, ta yi haushi sau biyu. Sawun kare ne. Daga kai har ƙafa, layi bayan layi, kamar an saki garke a kan ankon dangi gaba ɗaya. Sai a lokacin maganar guda tara ta dawo mini, na zauna a ƙasa.

Farke ɗinkin ba zai yiwu ba. Maigidan, wanda har lokacin bai buɗe akwatinsa ba, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Ki ce dagi ne. Dagin zaki. Wa zai je ya tambayi zakin?"

Ba mu sami mai tafiya gida ba sai Afrilu, don haka bargo mai auduga ya sauka Kano ana zafin da ya haura digiri 40. Shaddar ma ta bi shi, zuwa wurin tela. Ƙanwar mijina ce ta fara turo saƙon murya, rabinsa dariya: "Matar Yaya, wannan na farauta ne ko na gadi?" Na share ta na kira Hajiya, na durƙusa duk da ba ta ganina, na gaishe ta, na ce dagin zaki ne, zanen sarauta.

Ta yi shiru jim. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma zakin naku na can ba ya samun abinci ne?" Ta ƙara da cewa ta ajiye shi sai hunturu, kafin nan jikoki na kwana a kai a tsakar gida.

Ina ajiye wayata, sai ta maigidan ta yi ƙara. Tela ne. Daga inda nake ina jiyo shi yana rantsuwa cewa sau uku ya auna, yadi takwas ne, sai dai a yi kaftani da wando. Maigidan ya ce ba zai yiwu ba, da hannunsa ya saya, goma cif. Ya juyo yana neman in ba da shaida. Ni kuwa tuni ina kicin, na kunna famfo.