Shan iska ko shan ƙura?

Jiya bayan la'asar na ja abokina muka bi gefen kanal daga Kadawa, wai mu sha iska. Ruwan dam ɗin Tiga na gangarowa a hankali, tumatir da alkama hagu da dama, balbelu sun yi fari fat a gona. To amma ina! 'Yar siririyar hanyar nan ta zama titin 'yan acaɓa. Kafin ka yi taku goma sai hon, mu raɓe jikin ciyawar kacala, su bar mu da ƙura har cikin haƙori. Wani ya ɗauro kwando uku na tumatir, saura ƙiris ya ingiza ni ruwa, ko sannu babu. Abokin nawa kuwa sai dariya: "Malam, ai kai ka ce mu sa fararen kaya."