Ka Duba Nauyi

Amfilifayar da ke falona gadon mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Kenwood ce baƙa, ya sayo ta a babbar kasuwar Terminus tun kafin gobarar 2002 ta cinye kasuwar, kuma har yau in ka kunna ta sai ta yi ɗan ƙyas, kamar dattijo yana gyaran murya, sannan ta kama aiki. Ita lafiyarta ƙalau. Sifikokin ne suka tsufa. Ta hagu ta daɗe da yin gum, ta dama kuwa takardar bakinta ta yage, duk wanda ya yi magana a ciki, ko mai karanta labaran BBC ne, sai ka rantse sanyin Disamban Jos ya sa masa mura.

Ran da albashi ya shigo na ce wa uwargida zan shiga gari in sayo sababbi. Ta ce, "Maigida, shinkafar fa ta kai gindin buhu." Na ce ai shinkafa ba ta gudu. Ta ce, "Sifika ma ban taɓa ganin ta da ƙafa ba." Na yi kamar ina neman hulata.

A ƙofar gida na tarar da maƙwabcina, wani dattijo da ya yi shekaru yana ba da hayar lasifika a gidajen biki. Da ya ji inda na nufa sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗana, abu ɗaya zan gaya maka, ka duba nauyi. Ran sifika maganaɗisu ne. In babba ne za ka ji shi a hannu." Maganarsa gaskiya ce, har gobe ban ga laifinsa ba. Abin da bai sani ba, masu ƙera kayan ma sun ji wannan karatun.

Titin Ahmadu Bello a ranar Asabar ba wurin gwada kunne ba ne. Janareta na kuka ta ko'ina, kowane shago ya ƙure kiɗansa, masu Keke Napep na ta oda. Ina cikin waige-waige wani saurayi ya daka mini kira, "Alhaji! Alhaji, shigo daga ciki!" Ni da iyakar tafiyata Kaduna, sai na ji kafaɗuna sun buɗe. Na shiga.

Ya sauko da wasu dogaye guda biyu, baƙaƙe wul, kowace da baki uku zagaye da azurfa. A jikin kwalin an rubuta 5000W da jan rubutu mai girman tafin hannu, a gefe kuma wasu ƙananan haruffa, PMPO, waɗanda na ɗauka sunan kamfani ne.

"Alhaji, wannan in ka kunna ta a Rikkos, mutanen Bukuru sai sun turo a rage musu."

Ya sunkuya bayan kanta, ya ɗan taɓe-taɓe wayoyi, ya danna. Wallahi sai da na ji kiɗan a haƙarƙarina. Kwalaben da ke kan shiryayye suka kama rawa. Na tuna wasiyyar maƙwabci, na ce a bari in ɗaga. Na kama ɗaya, na ji bayana ya amsa. Na ce a raina, to, ga maganaɗisu iya maganaɗisu.

Ya ce naira 95,000. Na taya 50,000, ya ce albarka. Na yi irin tafiyar nan ta ƙarya har bakin ƙofa, ya kira ni, muka daidaita a 68,000. Na fito ina jin na cuce shi, har da ɗan tausayinsa.

Mai Keken da ya taya ni ɗorawa ya goge gumi ya ce, "Oga, injin niƙa ne a ciki?" Ya ƙara mini ɗari biyar, na biya da fara'a.

A gida na tara jama'a: yara, uwargida, da maƙwabci da na aika a kira shi musamman. Na haɗa jar waya a ja, baƙa a baƙa. Na ce wa ƙaramar ta toshe kunne. Na kunna, tsohuwa ta yi ƙyas ɗinta, na murɗa.

Kun san ƙarar waya in an jefa ta cikin kofin silba? To ita ce. Na ƙara murɗawa, ƙarar ta koma ta gyare a cikin gwangwanin madara. Ƙaramar ta cire yatsu daga kunne ta dube ni. Uwargida ta ce, cikin ladabi mai ciwo, "Maigida, an kunna ne, ko mu ƙara jira?" Na ce wutar ce ba ta cika ba yau. Duk muka ɗaga kai muka kalli ƙwan falo, yana haske kamar rana tsaka. Maƙwabci ya tashi ya ɗaga ɗaya, ya ajiye, ya ce, "Nauyi kam akwai." Ya yi mana sai da safe.

Litinin na kwashe su zuwa wurin wani mai gyaran rediyo a Dilimi, wanda kowa ke kira Injiniya. Kwalin ya fara karantawa, ya yi dariya har da tari. Ya ce PMPO ɗin nan lissafin talla ne, ƙarfin da wai za ta iya kaiwa na ƙiftawar ido. Wanda ake dubawa shi ne RMS, ƙarfin da take ɗauka ta jure ana ta kiɗa, kuma shi ko alamarsa babu a kwalin.

"Yallaɓai, dutsen guga na lantarki wajen wat 1000 yake ja. Kana nufin ka sayo ƙarfin dutsen guga biyar ka jingina a falo?"

Ya sa sukudireba ya kwance bayan. Daga bakuna ukun nan, biyu roba ce zalla, ado, ko waya ba ta je musu ba. Na ukun ne mai rai, faɗinsa bai wuce murfin kofin shayi ba, maganaɗisunsa kamar kwabo. A ƙasan akwatin kuma, an manne shi da gam an lulluɓe da soso, ga curin siminti zaune daram. Injiniya ya ƙwanƙwasa shi ya ce, "Guga dai babu, amma dutse ka samu." Yaransa suka bar aiki suka zo kallo. Ni da nake zaune a garin da duwatsu suka yi wa ƙawanya, na cire kuɗin shinkafa na sayo wani daga ƙetare, har da kuɗin mota.

Na koma shagon da zafina. Wannan karon ban kalli kaya ba, waya na bi da ido. Ta sauka bayan kanta, ta zagaya, ta shige cikin wata ƙatuwar lasifika irin ta wa'azi da aka rufe da labule aka ɗora fulas a kai. Na nuna masa. Ko gezau bai yi ba.

"Malam, ai kai ka ce mai nauyi kake so."

Malam. Ashe Alhajin ma na kwana biyu ne. Ya karɓi rasidina ya nuna mini tambarin da ke ƙasa, wai kayan da ya fita ba ya dawowa.

Injiniya ne ya ce in kawo tsofaffin ya gani. Ta hagun da na yi shekara uku ina yi wa ta'aziyya, waya ce kawai ta saki a ciki, ya ɗiga mata dalma. Ta dama ya sauya mata takarda. Duka naira 4,500, kuma yanzu in ana sharhin wasan Plateau United har mai shagon ƙofar gida yana jin ci.

Simintin biyu kuwa uwargida ta karɓe su. Ɗaya na tokare ƙofar kicin, ɗaya na danne murfin duron ruwa saboda iskar hunturu. Jiya ina alwala na ji tana ƙwala wa babban kira, "Kai, ƙofar nan na bugawa, turo mini wat 2500 ɗin Babanku!"