"Nan Ba Shagon Walda Ba Ne"

Ranar Talatar nan wani ma'aikaci da ake biya albashi da harajina ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, nan fa ba shagon walda ba ne." Har yanzu da nake wannan rubutu maganar tana cina a rai.

Ni mai walda ne, ban musa ba. Shagona yana Muciya, ni da yarana muna ƙera injin markaɗe da na ɓarzar masara da ƙananan injinan casar shinkafa. Tumatir ne ya kai ni ofishin wata cibiyar bincike ta Zariya. Kowa a Zariya ya san yadda ake yi da rani: 'yan lambun fadamar Galma da na wajen Hunƙuyi su yi ta ɗiba, kasuwa ta cika, farashin kwando ya faɗi warwas, a koma yanka kauɗa ana shanyawa a gefen kwalta, ƙura ta ci rabonta, hayaƙin tirela ya ci nasa, awaki su ƙarasa. Damina na sauka sai uwargida ta koma tumatirin leda. A wajen baje kolin Kaduna na ga wani injin busar da tumatir da cibiyar ta kawo, mai aiki da zafin rana da 'yar fanka. Na zagaya shi, na ƙwanƙwasa jikinsa, na ga abu ne da zan iya ƙerawa da ƙarfen da ake samu a Sabon Gari. Buƙatata ba ta wuce a ba ni zane da awo ba, in biya abin da suka yanka, in manna sunansu a jikin duk wanda na ƙera. Ba zan kama sunan wurin ba, su sun san kansu.

Na sa wankakkun kaya, na hau bas daga Kwangila. Na yi sallama a bakin ofis. Bai amsa ba sai da ya gama sauraron saƙon muryar da aka turo masa a WhatsApp, ya maimaita shi, ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya ɗago.

"Daga wace jami'a?"

"Ranka ya daɗe, ba daga jami'a nake ba. Daga Muciya nake."

Ya juya wajen wata baiwar Allah da ke zaune gaban kwamfutar da ba wuta, ya ce, "Hajiya, an buɗe jami'a a Muciya ne ba mu da labari?" Ta rufe baki da mayafi.

Na haɗiye. Na ciro takardar da aka raba mana a baje koli, na shimfiɗa masa a tebur, na yi bayani tiryan-tiryan. Da na zo kan maganar zane sai ya ɗaga min hannu, ya saki waccan magana ta shagon walda. Ya ƙara da cewa, "Wannan sakamakon bincike ne. Ka san ma'anar bincike kuwa? Shekaru aka yi ana lissafi. Ba abin da za ka zo da tef ka auna ka tafi ba ne."

Na ce, "Yallaɓai, to don wa aka yi lissafin?"

Bai ji daɗin tambayar ba. Ya gyara zama, ya shiga karanto min sharuɗɗa yana lanƙwasa yatsu. In rubuta takarda zuwa ga Darakta, ta hannun shugaban sashe. In haɗa da takardar rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da hotuna. In biya kuɗin fom ta Remita in kawo rasit. Daga nan fayil zai tafi gaban kwamiti.

"Yaushe kwamitin yake zama?"

"Idan an saki kuɗin zama."

"Yaushe ya yi zaman ƙarshe?"

"Kai ɗan jarida ne?"

Na ce to a haɗa ni da wanda ya ƙirƙiro injin, mu yi magana ta masu sana'a. Ya ce Dakta ya samu koyarwa a Saudiyya, zanen kuma yana cikin kwamfutarsa. Na ce ko ganin injin a bar ni in sake yi. Ya ce makulli yana hannun mai sito, mai sito kuma ya tafi ta'aziyya. Allah ya jiƙan mamacin, amma ba makullin da ake buƙata. Ta tagar ofishinsa nake hango injin a gindin darbejiya, gilashinsa ya fashe, fankar ta yi tsatsa, ƙadangaru biyu suna shan hantsi a kansa. Su dai ba a tambaye su shaidar haraji ba.

Na naɗe takardata na miƙe. Na kai bakin ƙofa sai na ji ya sassauta murya. "Af, Malam mai walda! Ƙofar gidana ta ɓalle daga sama, nawa za ka yi min? Ka dai yi min sauƙi, ka san albashin gwamnati." Wallahi haka aka yi. Ashe ya san amfanin walda, a ƙofar gidansa.

Abin da ya fi ƙona min rai, da yawa daga cikin irin waɗannan injina da ake ɗauka a kai baje koli, a shagunanmu aka haɗa su. Duk ƙarshen zangon karatu ɗalibai suke cika mana shago da zanensu, wani zanen idan ka bi shi yadda yake injin ba zai juya ba. Mu za mu ce wannan boris ɗin ya yi ƙarami, wannan bel ɗin zai tsinke, a sauya kaza. Yaro ya ɗauka ya kai, a ba shi maki, malaminsa ya fitar da maƙala, a yi masa ƙarin girma. Mai walda kuwa ko a shafin godiya ba ya fitowa. Haka 'yan SIWES, shirin da aka kafa tun 1973 don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa. Wasu sukan zo su koya da gaske, Allah ya yi musu albarka. Wasu kuwa ranar farko da ranar ƙarshe kaɗai nake ganinsu, su miƙo littafi in sa hannu, malamin da ya kamata ya zo duba su ban taɓa sanin kalar motarsa ba.

Kuma wai a Zariya! Garin da muke cika baki muna kira birnin ilimi. Cibiyar binciken noma ta Samaru tun 1922 take aiki, ta girmi 'yancin kan ƙasar. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Ga NAPRI a Shika mai binciken dabbobi, ga NAERLS da aka kafa musamman don kai sakamakon bincike ga manomi, ga NARICT a Basawa mai harkar sinadarai, ga cibiyar fasahar fata da ƙirgi, ga ta sufuri, ga kwalejin jiragen sama. Wane gari ne a Arewa ya tara wannan? Amma ka shiga Sabon Gari ka duba injinan da ke cikin shaguna, daga Sin sai Indiya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Kada wani ya ce ina zagin malamai. Na san abin da masu bincike suke iya yi idan an buɗe musu hanya, don gonata ma shaida ce. Irin masara na SAMMAZ da gyaɗar SAMNUT sun isa ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba. Waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanso, ya rage wa manoma yawan feshi. Kazar ShikaBrown daga nan ta fito. Me ya sa waɗannan suka fita daga harabar makaranta? Saboda iri yana da turba: cibiya ta samar, kwamitin ƙasa ya amince, kamfanonin iri, har da waɗanda ke nan garin, su karɓa su ninka, dila ya sayar a leda da farashinsa a rubuce. Kowa ya san inda zai tsaya da abin da zai samu. Inji fa? Sinadari fa? Wane ofishi ne za ka shiga a ce maka ga jerin abubuwan da muka ƙirƙira, ga kuɗin lasisin kowanne, ga rabon mai ƙirƙira, sa hannu a nan? Malamin jami'a da yawan maƙalun da ya wallafa ake auna shi. Idan ya ɓata shekara yana zirga-zirga tsakanin ofishinsa da shagona har injinsa ya shiga kasuwa, abokinsa da ya zauna ya rubuta maƙala biyar zai riga shi zama farfesa. Ma'aikacin da ya wulaƙanta ni ma ya san ko na biya, kuɗin asusun bai-ɗaya za su faɗa, ko na tafi ba wanda zai tambaye shi dalili. To don me zai tashi daga kujera?

Alhazan garinmu su ma ba su fita ba. Mutum yana da kuɗin da zai ɗauki nauyin gwajin inji goma, amma ya fi son ya yi odar kwantena, ya sayar cikin wata uku, ya ƙara gina gidan mai. Ka kai masa abin da aka ƙera a gida, kafin ya taɓa ya ce, "Na nan ne? Ba ya ƙarko." Ranar da na wajen ya lalace kuma babu kayan gyara, shagona ake kawo shi.

Amma uwar matsalar gwamnati ce, ita ta ɗaure kowa a inda yake. Tun 1980 shugabannin Afirka suka zauna a Legas, a ƙasarmu, suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don kimiyya da fasaha. Yaran da aka haifa a 1980, yanzu suna aurar da 'ya'ya, alkawari na nan a takarda. A 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilimi, kashi 2 cikin 100 na ribarsu, aka ɗaga shi har ya kai 3 a 2023. Mun ga gine-ginen TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da kuɗin harajin, da rubutunsu a bango, madalla, amma kamfanin da ya biya harajin bai san abin da ake bincikawa da kuɗinsa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi matsalar da yake so a warware masa. A 2018 aka sa hannu a dokar shugaban ƙasa mai lamba 5, wai hukumomi su fifita fasahar gida wajen ba da kwangila. Ku leƙa kayan tallafin da 'yan siyasa ke rabawa, injin markaɗe da keken ɗinki da famfon ban-ruwa, ku karanta sunan ƙasar da ke jikin kwalin.

Sannan wace masana'antar ma ake so a haɗa da binciken? Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, unguwar masana'antu ta Kakuri ta zama kufai. Masana a Samaru suna ta inganta irin auduga, mai sayen audugar ya mutu. Mu ƙananan da muka rage, an cire tallafin mai a 2023, a 2024 aka ninka kuɗin wuta na 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, har jami'o'i da kansu suna kuka, injin walda kuma ba ya aiki da addu'a. A 2022 jami'o'in gwamnati da dama sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aikin malamai. Duk gwajin da ke buƙatar firji ko kulawar yau da kullum, wa ya tsaya a kansa?

Maganinsu kullum ɗaya ne, taron ƙara wa juna sani. A kama otal a Abuja, a rataya ƙyalle mai rubutun haɗa bincike da masana'antu, minista ya aiko wakili, farfesa ya karanta takarda, a tafa, a karɓi alawus, a kafa kwamiti. A cikin zauren ba maƙeri, ba majemi, ba mai injin matsar gyaɗa, ba ko mutum ɗaya da ya taɓa biyan ma'aikata ranar Asabar daga aljihunsa. Hatta jakar da ake raba wa mahalarta, ku juya ta ku duba, daga Sin aka yi odarta.