Jiya mun ce ta sha maganin ƙiba, yau muna kiranta lukuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar nan ta daɗe tana cin raina, yau dai na ga ba zan iya ci gaba da haɗiye ta ba.

Ranar Talata na raka 'yar yayata asibiti. Shekararta 29, 'ya'yanta biyu. Likita ya auna ta ya ce jininta ya hau, sukari ma ya fara wuce iyaka. Muna zaune a benci muna jiran magani sai ta ce min, "Anti, ni fa ban taɓa son ƙiba ba." Ta sa gefen mayafi ta share ido. Bakina ya mutu, domin ina cikin waɗanda suka dame ta kafin aurenta: "Ke ki ci abinci mana, kin zama kamar sillen kara, dangin miji za su ce a gidanku ba a ɗora tukunya." Ana saura wata biyu biki, wata mai gyaran amare ta ƙullo mata ƙwayoyi a leda, babu suna babu takarda, wai sha-ka-fashe. Kumatu suka fito, fuska ta zama kamar faranti, kowa ya ce amarya ta murje.

Yawancin abin da ake zubawa a irin wannan ƙulli iri biyu ne. Akwai wanda 'yan kemis ke kira deksa, maganin kumburi ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci a kan cuta takamaimai. Idan aka daɗe ana sha sai ya tara ruwa a jiki, ya tara kitse a fuska da ciki da doron wuya, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya bar nankarwa a fata. Ɗayan kuma maganin ƙaiƙayi ne da mura wanda ke buɗe ciki, mutum ya yi ta ci yana barci. Wannan cikar fuskar da muke yi wa guɗa, a wurin likita alamar illa ce.

Daga nan sai haihuwa ta zo. Kwana arba'in mai jego tana zaune, ga kunun kanwa da sukari, ga gasasshen nama, ga tuwo malmala uku, in ta ce ta ƙoshi a ce ruwan nono ba zai zo ba. Ba ta gama sauke na fari ba ciki na biyu ya shiga. Yau ga shi mijin da aka yi dominsa yana mata gori, ƙawaye suna turo mata tallan shayin rage teɓa. Ta sayi kwali uku. Abin da shayin ya yi mata kawai shi ne zaryar banɗaki da murɗawar ciki. Da yawa daga cikin irin waɗannan shayin ganyen filasko ne ko maganin sa fitsari a ciki. Ruwa ne ke fita, sikeli ya nuna an ragu da kilo biyu, bayan kwana uku ya dawo, kitsen kuwa yana nan inda yake. An karɓi kuɗinta lokacin da za a ƙara mata jiki, an sake karɓa lokacin da za a rage.

Kada maza su ɗauka ban da su. Mu ne muke ganin tumbi ya turo riga mu ce Alhaji ya samu, hutu ya zauna. Alhali kitsen ciki shi ne mafi haɗari, domin shi ke lulluɓe hanta da hanji, shi ke buɗe wa ciwon sukari da ciwon zuciya ƙofa. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: ka samu igiya ka auna tsawonka daga ka zuwa ƙasa, ka lanƙwasa ta gida biyu ta koma rabin tsawonka, ka zagaya ta a cikinka ɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, lokacin yin wani abu ya yi.

Sau da yawa ina jin ana cewa tuwo ne ke sa ƙiba. Ban yarda ba. Kakata tuwon dawa ta ci safe da dare har ta koma ga Allah, ba ta taɓa ajiye teɓa ba. Amma kafin tuwon ya kai bakinta ta yi surfe, ta yi daka, ta yi tankaɗe, ta ja guga a rijiya, ta taka zuwa unguwa da ƙafa. Mu kuwa inji ke niƙa, mai ruwa ke kawo ruwa, in za mu je layi na uku sai mun tsayar da adaidaita sahu. Aikin ya tafi, cin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, kuma ya canza kama: farar shinkafa, taliya, burodi, fanke, cincin, soyayyen dankali. Ku duba miyarmu ta yanzu, mai ne ke iyo a kai, in bai kwanta ba a ce uwargida ba ta iya girki ba. Gram ɗaya na mai ya ninka gram ɗaya na shinkafa ko nama fiye da sau biyu wajen ƙarfin da yake zuba wa jiki, kuma man gyaɗa da manja duk ɗaya ne a wannan lissafi.

Sai uwa uba, abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai ƙara wa abincinsa a yini kada ya wuce kimanin gram 50, wato cokalin shayi 12, in ma so samu ne a tsaya a 6. Robar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. To ina shayin safe mai kauri da madarar gwangwani, ina zoɓon rana, ina fura da nonon da aka zuba wa sukari da ludayi? Ruwan zaƙi ba ya ƙosarwa, shi ya sa mutum zai sha kuma ya ci abincinsa cif. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma a ganina wannan bai kai ya hana kowa saye ba.

Duk da haka ina roƙonmu mu daina cewa duk mai ƙiba mai haɗama ne. Akwai gado, za ka ga gida guda daga uwa har 'ya'ya jikinsu na karɓar abinci. Akwai ƙarancin barci, wanda ke ƙara wa mutum jin yunwa washegari. Akwai damuwa, akwai wasu magunguna, akwai matsalar sinadaran jikin mata da ke zuwa da rikicewar al'ada. Akwai kuma talauci, domin abin da ke cika ciki da araha shi ne gari da burodi da taliya, kifi da ƙwai da 'ya'yan itace kuwa sai mai hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Ba zai yiwu a ce dukansu lalaci ne ya kama su a lokaci guda ba.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne ba sai mutum ya koma siriri kafin ya ga amfani ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya bi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, suna motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kilo shida ne da ɗan ɗoriya. Minti 150 kuwa tafiyar rabin awa ce da ɗan sauri, kwana biyar a mako.

Kuma kayan aikin suna cikin kasuwarmu. Zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, kabeji, wake, gero, dawa, acca. A cika rabin kwano da ganye, a rage malmala daga uku zuwa biyu, daga baya zuwa ɗaya da rabi. A riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Kwaɗon zogale ma a sassauta masa ƙuli da mai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba mana ciki uku: kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Mun haddace hadisin, amma ku dubi faifan buɗa-bakinmu a watan azumi.

Masu kuɗi yanzu sun koma allurai masu rage nauyi irin su Ozempic. Suna aiki, ba na musu, amma magani ne na likita mai illolinsa da tsadarsa, kuma mafi yawan waɗanda suka daina nauyin yana dawo musu.

Ina da roƙo ga magidanta. In matarka ba ta fita, kada ka yi mata gorin jiki alhali iyakacin tafiyarta daga ɗaki zuwa madafa ne. Ka fita da ita bayan asuba ku taka tare, kai ma tumbinka zai amfana. Ke kuma 'yar uwa da kike shan deksa yanzu haka, don Allah kada ki yanke shi dare ɗaya bayan kin daɗe a kansa, hakan na iya kayar da ke. Ki ɗauki ledar ki kai wa likita, ki faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina sha, shi zai janye miki shi a hankali.

A cikin adaidaita sahu muna komawa gida na nemi gafarar 'yar yayata kan maganganun da na faɗa mata tana budurwa. Ta ce, "Haba Anti, ya wuce." Mun yi da ita daga ranar Asabar zan riƙa biya mata da sassafe mu taka zuwa bakin titi mu dawo, kuma maigidanta ya amince. Kwalin shayi na huɗu da ta yi oda, ta kira mai shi a gabana ta ce ta fasa.